Yadda Ake Kai Wi-Fi Kowane Sashe na Babban Gida

A manyan gidaje da yawa labarin iri ɗaya ne. An sayi rauta mai kyau, an biya kuɗin data na wata, an ajiye na'urar a falon mai gida. A falon komai yana tafiya daidai. Da an hau bene sai bidiyo ya fara tsayawa, a sashen uwargida sai an tsaya bakin taga, a zaure kuwa sunan Wi-Fi ɗin ma ba ya fitowa. Abin da ke fara zuwa ran mutane shi ne a nemo rauta mafi ƙarfi, mai eriya shida ko takwas. Sau da yawa akan sayo, amma sauyin da ake gani kaɗan ne. Masu wannan sana'a wata hanya suke bi: su kafa ƙananan na'urori da dama a wurare daban-daban na gidan, su haɗa su su zama abu ɗaya. Kafin a gane dalilinsu, sai an koma ga yadda Wi-Fi yake aiki tun daga tushe.

Asalin abin

Wi-Fi rediyo ne, sai dai shi yana aikawa kuma yana karɓa. A 1985 hukumar kula da sadarwa ta Amurka, FCC, ta ba da izinin amfani da wasu zangunan rediyo ba tare da lasisi ba. Cikinsu har da zangon gigahaz 2.4, wanda tun da can aka ware wa injinan masana'antu da na asibiti da na'urar ɗumama abinci. A 1997 ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta fitar da ƙa'idar da ta ba lamba 802.11, mai gudun megabit 2 a sakan guda. Bayan shekara biyu aka fito da 802.11b mai megabit 11, kuma a shekarar ce wasu kamfanoni suka kafa ƙungiyar da yau ake kira Wi-Fi Alliance, mai tabbatar da cewa kayan wannan kamfani za su iya aiki da na wancan. Daga nan gudun ya yi ta ƙaruwa: 802.11n a 2009, 802.11ac a 2013, sannan 802.11ax. A 2018 aka sauƙaƙa sunayen, waɗannan uku suka koma Wi-Fi 4 da Wi-Fi 5 da Wi-Fi 6. A farkon 2024 kuma aka fara tantance kayan Wi-Fi 7.

Duk wannan ci gaban bai taɓa abubuwa biyu da Wi-Fi ya gada daga asalinsa ba. Na farko shi ne ƙaramin ƙarfi. Tun da zangon na kowa ne, dokokin ƙasashe sun taƙaita ƙarfin da na'ura za ta yi aike da shi. A Turai, alal misali, iyakar a zangon 2.4 ita ce miliwat 100, wato kashi ɗaya cikin goma na wat guda. Na biyu shi ne iska ɗaya ake rabawa. Abin ya fi kama da majalisar dattawa a zaure: mutum ɗaya ke magana a lokaci guda, kowa sai ya ji an yi shiru kafin ya buɗe baki, in biyu suka fara tare sai duk su dakata, kowa ya ɗan jira, sannan ɗaya ya sake farawa. Wanda ke zaune can bakin ƙofa kuwa sai ya ja maganarsa a hankali, ana ta cewa ya maimaita, sauran duk suna jiransa. Dabarar jira bayan an yi karo ta samo asali ne daga ALOHAnet, tsarin da Jami'ar Hawayi ta fara aiki da shi a 1971.

Wannan yana da sakamako wanda mutane ba su cika lura da shi ba. Wayar da ke nesa da rauta tana rage gudunta don saƙonta ya isa lafiya, saboda haka tana daɗewa a kan iska kafin ta gama abin da ta kusa za ta gama nan take. Ke nan yaron da ke kallon bidiyo a can ƙarshen gida, da sigina guda, ba shi kaɗai ke shan wahala ba. Yana cinye lokacin waɗanda ke zaune dab da rautar.

Nisa da bango

Ko a fili, inda babu abin da ya tare, sigina tana raguwa da sauri. Duk lokacin da nisa ya ninka, ƙarfin da ke isowa yana komawa rubu'i. Wanda ke nisan mita 8 yana samun kashi ɗaya cikin goma sha shida na abin da mai nisan mita 2 ke samu. Ana auna wannan ƙarfi da ma'aunin dBm, kuma lambobinsa suna ƙasa da sifiri: -40 sigina ce mai ƙarfi sosai, -67 ita ce iyakar da masu sana'ar suka saba nema don kiran murya da bidiyo, -80 kuwa da kyar take riƙe waya. Raguwar 3 a wannan ma'auni tana nufin ƙarfin ya koma rabi, raguwar 10 kuma kashi ɗaya cikin goma. Saboda haka -70 kashi ɗaya ne cikin dubu na -40.

Sai kuma bango. Yawancin gidajen Amurka, inda aka fara sayar da irin waɗannan kaya da yawa, na katako ne da allunan filasta marasa kauri, waɗanda sigina ke ratsawa cikin sauƙi. Gidajen Kano da Zariya da Maraɗi kuwa na bulo ne da siminti, ko na ƙasa mai kauri, da dekin mai rodi tsakanin ƙasa da bene, da ƙofofin ƙarfe, da rufin kwano. Bango ɗaya na bulo yana iya cinye fiye da rabin abin da ya iso shi, dekin kuma ya fi haka nesa ba kusa ba. Ƙarfe yana mayar da sigina baya, ruwa yana shanye ta, shi ya sa tankin ruwa da firji da babban madubi duk suke barin inuwa a bayansu. Faɗin wurin da ake rubutawa a jikin kwali an lissafa shi ne a yanayi mafi kyau, ba a irin wannan gini ba.

Zangunan ma sun bambanta. Tsawon igiyar rediyo a gigahaz 2.4 kusan santimita 12 ne, a gigahaz 5 kusan santimita 6. Na 2.4 ya fi kaiwa nesa da ratsa bango, amma ƙunci gare shi kuma cike yake da Bluetooth da rautocin maƙwabta. Na 5 ya fi faɗi da gudu, amma bango ya fi cin sa. Zangon gigahaz 6, wanda Amurka ta buɗe a 2020, ya fi su duka sarari, kuma ya fi su saurin ƙarewa a bayan bango.

Akwai abu na ƙarshe da ke bayyana dalilin da rauta mai ƙarfi ba ta cika magance matsalar ba. Haɗin Wi-Fi zuwa da dawowa ne. Rauta tana iya kai siginarta ɗaki na huɗu, wayar da ke can ta nuna sigina uku. Amma wayar batir take amfani da shi, eriyarta ƙarama ce a ɓoye cikin jiki, ba ta da ƙarfin mayar da amsa ta ratsa waɗannan bangaye. Ƙara wa ɓangare ɗaya ƙarfi ba ya gyara hanyar dawowa. Abin da ke gyara ta shi ne a matso da mai sauraron kusa da wayar.

Akwati ɗaya, aiki huɗu

Abin da ake kira rauta a kasuwa sau da yawa na'urori huɗu ne cikin akwati ɗaya. Akwai modem, mai karɓo intanet daga waje, ko ta layin SIM, ko ta faiba, ko ta tauraron ɗan'adam kamar Starlink da ya fara aiki a Nijeriya a Janairun 2023. Akwai ainihin rautar, mai ba kowace na'ura ta gida adireshi, tana kuma tsayawa tsakanin gida da waje. Akwai suwic, wato kafofin nan da ke baya inda ake cusa kebul. Sai rediyon da wayoyi ke kamawa, wanda za mu kira mashiga, tun da ta nan na'ura ke shiga tsarin. A jikin kwali da cikin saiti za a ga an rubuta mata AP.

Babban gida yana buƙatar modem ɗaya da rauta ɗaya, amma mashigai da yawa. Wannan rarrabewa tana warware wata matsala da masu rautar SIM suka sani. Inda sabis na kamfanin waya ya fi kyau, galibi bakin taga ko saman bene, ba lallai ba ne ya zama inda mutanen gida suke zama. Idan an raba ayyukan, modem sai ya zauna inda sabis yake, mashigai kuma su je inda mutane suke. Abin tambaya kawai shi ne yadda kowace mashiga za ta mayar da saƙo wurin rauta. Wannan hanyar komawa, wadda za mu kira jijiya, ita ce ke yanke ingancin tsarin gaba ɗaya.

Hanyoyi uku na haɗa jijiya

Hanya mafi arha ita ce na'urar maimaitawa, wadda 'yan kasuwa ke kira ekstenda. Ana cusa ta a soket, ta kama siginar rauta, ta sake watsa ta. Idan rediyo ɗaya take amfani da shi wajen karɓa da aikawa, kowane saƙo sai ya bi iska sau biyu, don haka gudun yana komawa kusan rabi. Kuma abin da ta samu shi take maimaitawa: in aka sa ta a ɗakin da sigina ta riga ta mutu, wayar za ta nuna sigina cike amma shafi ba zai buɗe ba. Wurin da ya dace da ita shi ne tsakiyar hanya, inda siginar rautar take da sauran ƙarfi.

Hanya ta biyu ita ce tsarin raga, wanda ake sayarwa da sunan mesh. Ya bazu a kasuwa daga 2016, lokacin da Eero da Google suka fitar da nasu, yanzu kuma akwai irin su Deco na TP-Link. Na'urori biyu ko uku ne da ke neman juna da kansu, su zaɓi hanya, a kuma sarrafa su duka daga manhaja ɗaya. Masu tsada suna da rediyo na uku da aka keɓe wa jijiya kaɗai, don kada ta yi takara da wayoyi. Amma jijiyar har yanzu rediyo ce, kuma bangon da ya tare waya zai tare ta. Kowane tsalle daga na'ura zuwa na'ura yana rage gudu, yana ƙara jinkiri.

Hanya ta uku ita ce kebul. Kowace mashiga tana da kebul nata da ya taho daga suwic. Ta haka iska ta zama ta wayoyi kaɗai, bango kuma ya fita daga lissafin jijiya. Yawancin na'urorin raga ma suna da kafar kebul, kuma da an haɗa su da shi suna daina dogaro da iska a tsakaninsu. Akwai wata dabara ta aika saƙo ta wayoyin wutar lantarki na gida, amma tana raunana inda aka raba gida kan layin wuta uku, ko inda wasu soket ke kan inbata wasu ba sa kai.

Abin da ya kamata a sani game da kebul

Kebul ɗin da ake amfani da shi shi ne Cat5e ko Cat6. A cikinsa akwai siraran wayoyi takwas da aka murɗe biyu-biyu. Yana ɗaukar gigabit guda, wato megabit 1,000, har nisan mita 100, wanda ya ishi kusan kowane gida. Gudun gigabit yana buƙatar duka takwas ɗin, gudun megabit 100 kuwa huɗu kawai. Saboda haka idan aka ga haɗin wata mashiga ya tsaya a 100, yawanci ɗaya daga cikin wayoyin ce ta karye ko ba ta zauna daidai a kai ba. A kasuwa akwai kebul mai arha da aka yi da alminiyam aka shafe shi da jan ƙarfe, akan rubuta masa CCA. Yana saurin karyewa, yana kuma yin zafi in an tura wuta ta cikinsa. Idan aka kankare wayar da wuƙa aka ga fari a ciki, shi ne. Kebul na sadarwa kuma yana son bututunsa daban, kada a cusa shi tare da wayoyin wuta.

Kebul ɗin nan yana iya ɗaukar wuta tare da saƙo, abin da ake kira PoE. Ƙa'idar farko, 802.3af ta 2003, tana ba da wat 15.4 a kowace kafa. Ta 2009, wato 802.3at, ta kai wat 30, ta 2018 kuma ta wuce haka. Suwic mai bin wannan ƙa'ida yana fara tantance na'urar da aka cusa masa kafin ya sakar mata wuta, don haka kwamfuta ba za ta ƙone ba in an haɗa ta a kafar. Amfanin a fili yake: mashigar da ke manne a silin ba ta buƙatar soket kusa da ita. Abin lura shi ne kowane suwic yana da jimlar wutar da zai iya rabawa, sai a haɗa buƙatar duk mashigai a tabbatar ba ta wuce ta ba.

Mai raba adireshi ɗaya

Kowace na'ura a gida tana da adireshi irin 192.168.1.20, kuma rauta ce ke raba su ta wani tsari mai suna DHCP. A nan ne aka fi samun tangarɗa idan aka sayo rauta ta biyu aka haɗa ta yadda ta zo daga kwali. In an cusa kebul a kafarta ta WAN, wato ta karɓo intanet daga waje, sai ta kafa nata ƙaramin tsari a cikin na farko. Intanet zai yi aiki, amma kwamfutar da ke wannan sashe ba za ta ga firinta ko kyamarar da ke wancan ba, kuma waya ba za ta iya tura bidiyo zuwa talabijin ba. In kuma an cusa a kafar LAN, wato ta suwic, ba a kashe DHCP ɗinta ba, sai a sami masu raba adireshi biyu, wata waya ta karɓi adireshin da ba ya kai ta ko'ina.

Gyaran mai sauƙi ne. Yawancin rautoci na yanzu suna da zaɓin aiki a matsayin AP, wanda ke kashe duk sauran ayyukan ya bar rediyo da suwic. Wadda ba ta da shi, ana yi mata abu uku da hannu: a ba ta adireshin da babu mai shi a cikin jerin gidan, a kashe mata DHCP, a cusa kebul ɗin da ya zo daga babbar rauta a kafar LAN. Ta haka tsohuwar rautar da ke ajiye a durowa tana iya zama mashiga mai amfani.

Suna ɗaya, tashoshi daban

Duk mashigai ya kamata su ɗauki suna ɗaya, kalmar sirri ɗaya, da nau'in tsaro ɗaya, har zuwa babban baƙi da ƙarami. Ta haka waya za ta ɗauke su a matsayin Wi-Fi guda, ta riƙa sauya mashiga da kanta. In aka ba kowane sashe sunansa, waya za ta manne wa na farko har sai ya ɓace gaba ɗaya.

Tasha kuwa dole ta bambanta. Kowane zango an yanka shi zuwa tashoshi, kuma layin jiran da aka bayyana a sama na kowace tasha ne. Mashigai biyu da ke jin juna a tasha ɗaya layi ɗaya suke bi, an ƙara na'ura amma ba a ƙara sarari ba. A zangon 2.4 akwai tashoshi 13 a yawancin ƙasashe, 11 a Amurka, tsakanin kowace da mai bi mata megahaz 5, alhali aike guda yana cin faɗin megahaz 20. Shi ya sa aka saba da uku kawai waɗanda ba sa taɓa juna: 1 da 6 da 11. Zaɓen 3 ko 4 don guje wa cunkoso yana ƙara ɓata abin, domin na'urorin da ke tasha ɗaya suna jin juna su yi layi, waɗanda suka ɗan hau kan juna kuwa hayaniya kawai suke jefa wa juna. Gidan da ke da mashigai huɗu sai ya maimaita tasha a biyun da suka fi nisa da juna.

A zangon 5 sarari ya fi yawa. Akwai 36 da 40 da 44 da 48, sai wasu daga 52 zuwa 140 da ake rabawa da na'urorin hangen jirage da na yanayi. Mashiga tana saurare na kusan minti guda kafin ta hau waɗannan, kuma da ta ji na'urar hangen sai ta sauka. Ana iya haɗa tashoshi don a ƙara gudu: biyu su ba da faɗin megahaz 40, huɗu su ba da 80. Amma in an zaɓi 80, to daga 36 zuwa 48 duk sun zama tasha guda. A gida mai mashigai uku ko huɗu, faɗin 40 a zangon 5 da faɗin 20 a zangon 2.4 sukan fi kawo kwanciyar hankali.

Wa ke yanke shawarar ƙaura

Waya ce ke yanke lokacin da za ta bar wannan mashiga ta koma waccan. Kowane kamfani da nasa ma'auni. Apple, alal misali, ya bayyana cewa iPhone tana fara neman wata mashiga ne idan sigina ta faɗi ƙasa da -70. Wannan ne ya sa buɗe ƙarfin kowace mashiga har ƙarshe yake jawo matsala. Mutum ya bar falo ya hau bene, yana tsaye ƙarƙashin mashigar sama, amma wayarsa tana riƙe da ta falo saboda siginarta ba ta faɗi yadda za ta sake ta ba. Rage ƙarfi zuwa matsakaici yana sa iyakar kowace mashiga ta fito fili. Zangon 2.4, da yake ya fi kaiwa nesa, shi aka fi rage wa, don wayoyi su fi karkata zuwa na 5.

Akwai ƙa'idoji uku da ke taimaka wa wannan ƙaura. 802.11k tana ba waya jerin mashigai na kusa don kada ta ɓata lokacin nema. 802.11v tana ba mashiga damar ba waya shawarar ta matsa. 802.11r tana gajarta tantancewar kalmar sirri a sabuwar mashiga, yadda kira ba zai yanke ba. Sun fi aiki idan mashigai duk na kamfani ɗaya ne ƙarƙashin manhajar sarrafawa ɗaya, kamar UniFi na Ubiquiti ko Omada na TP-Link. A 2018 Wi-Fi Alliance ta fito da EasyMesh don kayan kamfanoni daban-daban su iya haɗuwa.

Ina za a kafa su

A ɗauki misalin gida mai bene a gaba, sassa biyu a ciki, zaure a ƙofa, da ɗakunan samari a baya. Ana fara lissafi ne da inda mutane ke zama da wayoyinsu, sannan a ƙirga bango. Manufar ita ce kada bangon bulo fiye da ɗaya, ko biyu in ya yi yawa, ya shiga tsakanin waya da mashiga. Da wannan ma'auni ƙasan bene zai sami ɗaya, samansa ɗaya, tun da dekin ba ya barin sigina ta wuce da kirki. Kowane sashe zai sami tasa a falonsa ko a barandar da ɗakuna suka fuskanta. Tsakar gida fili ne, mashiga ɗaya ta waje a ƙarƙashin inuwar rufi tana iya rufe ta, har ta leƙa ɗakunan da tagoginsu ke kallonta.

Mashiga mai siffar faifai an yi ta ne don silin, tana watsa sigina ƙasa da kewaye. Tsakiyar wuri ya fi kusurwa, sama ya fi ƙasa, fili ya fi cikin kabad ko bayan talabijin. Ɓoye ta a cikin silin ƙarƙashin kwano yana da illa biyu: ƙarfen yana dagula sigina, kuma da yawa daga na'urorin cikin gida an ƙayyade musu zafin digiri 40, wanda cikin rufi yake wucewa a watannin bazara. Na waje an rufe su yadda ruwa da ƙura ba sa shiga, akan ga lamba irin IP65 ko IP67 a jikinsu.

Wuta, tsawa da tsaro

Inda wuta ke zuwa tana ɗaukewa, PoE yana da wani amfanin. Duk mashigai daga suwic ɗaya suke shan wuta, don haka in aka ɗora soket ɗaya a kan inbata ko UPS, Wi-Fi na gidan gaba ɗaya ya tsira daga ɗaukewar wuta da lokacin tada janareta. Tsarin da kowace na'ura ke da soket nata kuwa yana mutuwa sashe-sashe, kuma kowace sai ta ɗauki minti ɗaya ko biyu kafin ta farfaɗo.

Kebul na jan ƙarfe da ya ratsa fili daga gini zuwa gini yana da haɗari da damina, domin tsawar da ta faɗi kusa tana iya tura wuta ta cikinsa ta ƙona na'urorin ɓangarorin biyu. Faiba gilashi ne, ba ya ɗaukar wuta, shi ya sa aka fi son sa tsakanin gine-gine, sai dai ginin can zai buƙaci nasa soket. Inda haƙa ba za ta yiwu ba, ana kafa rediyo biyu masu fuskantar juna su zama gada. In dole sai jan ƙarfe, a binne shi cikin bututu a sa masa na'urar kariya mai haɗe da ƙasa.

Ta fannin tsaro, tsohon tsarin WEP an karya shi tun 2001. WPA2 na 2004 da WPA3 na 2018 su ne abin amfani, kuma akwai saitin da ke haɗa biyun don tsofaffin na'urori. Kalmar sirri tana ɗaukar baƙi 8 zuwa 63, tsawonta kuma shi ne ƙarfinta. Kalmar shiga saitin rauta daban ce, ita ma a sauya ta, a kuma kashe WPS, hanyar haɗa na'ura ba tare da rubuta kalmar sirri ba, wanda aka gano rauninsa a 2011. Gidan da zaurensa ba ya rabuwa da baƙi zai amfana da Wi-Fi na baƙi: suna na biyu da ke ba da intanet amma ba ya kaiwa ga kyamarori da kwamfutocin gida, ana kuma iya taƙaita masa gudu. Sunaye biyu ko uku sun isa, domin kowane suna mashiga tana shelanta shi kusan sau goma a sakan, kuma shelar ma lokacin iska take ci.

Gwaji da abin da za a sa rai

Bayan an gama, ana gwadawa daga tushe zuwa reshe. A fara auna gudu da kebul a jikin babbar rauta, wannan shi ne abin da kamfanin intanet ke bayarwa, kuma babu yawan mashigai da zai ƙara shi. Sai a auna dab da kowace mashiga, sannan a zagaya gida da manhajar da ke nuna dBm, a ga ko akwai wurin zama da ya faɗi ƙasa da -67. Daga ƙarshe a yi kiran WhatsApp ana tafiya daga zaure zuwa bene, a ji ko murya za ta yanke. Lambar da ke jikin kwali kada ta zama ma'auni. AX3000, alal misali, kusan jimla ce ta megabit 574 na zangon 2.4 da 2,402 na zangon 5, waya kuwa zango ɗaya take kamawa a lokaci guda, kuma abin da take samu a zahiri yana ƙasa da lambar zangon.

Idan aka haɗa waɗannan bayanai, ra'ayina shi ne kuɗin babban gida ya fi amfani a kebul fiye da a rauta mai tsada. Mashigai uku masu matsakaicin farashi, kowace da kebul nata, a wurin da ya dace, da tasha daban da ƙarfi madaidaici, za su fi na'ura ɗaya mafi tsada a kasuwa aiki a ginin bulo. Tsarin raga yana da wurinsa, musamman ga ɗan haya da ba shi da ikon fasa bango, kuma ko shi yana inganta da zarar an sami damar haɗa ko da na'ura ɗaya da kebul. Wanda ke gini yanzu shi ya fi kowa sa'a. Kafin a yi filasta, ya sa mai wayarin ya ja bututu daga wuri ɗaya zuwa silin kowane falo da kowane sashe, ya zura Cat6 na jan ƙarfe zalla a ciki. Ƙa'idojin Wi-Fi suna sauyawa duk bayan 'yan shekaru, za a sauke mashigai a ɗora sababbi, amma kebul ɗin da aka binne yau zai ɗauki na bana da na shekaru masu zuwa ba tare da an sake taɓa bango ba.